Babban Baƙi da Ƙaramin Baƙi: Yadda Kwamfuta Ta Ɓatar Mini da Maɗinki

1.0 Gabatarwa

Ni ɗalibar aji huɗu ce a wannan sashe, kuma Hausa ba ita ce harshena na farko ba. Da Yarbanci na tashi, na fara tsintar Hausa a bakin maƙwabtanmu, sannan na zo jami'a na koye ta a aji. Kundin da nake rubutawa na kammala digiri a kan tsirar kalma yake, wato yadda kalma ɗaya take haifar da wasu kalmomi. Domin sauƙaƙa aikin, sai na zuba kalmomin da na tattara a kwamfuta, da nufin in riƙa tambayarta tana jero mini zuriyar kowace kalma.

Wannan maƙala za ta yi bayanin wani kuskure da ya kusa shiga babi na huɗu na kundina, da dalilin aukuwarsa, da kuma hanyar da za a bi a gwada irin wannan aiki kafin a yarda da sakamakonsa. Kuskuren bai wuce na babban baƙi da ƙaramin baƙi ba, abin da aka koya mana tun a darasin ƙa'idojin rubutu na aji ɗaya. Ina fata 'yan'uwana ɗalibai masu niyyar amfani da kwamfuta a nazarinsu za su amfana, ko da kuwa ba su taɓa rubuta wa kwamfuta umarni ba.

2.0 Ma'anar Wasu Kalmomi

2.1 Rumbun bayanai

Rumbun bayanai manhaja ce da ake adana bayanai a cikinta a tsare, yawanci a jadawali mai layuka da gurabe. Harshen da ake yi wa rumbun tambaya da shi ana kiran sa SQL. Rumbun da na yi amfani da shi sunansa SQLite, wanda Richard Hipp ya ƙirƙira a shekarar 2000. Kyauta ne, ba ya da nauyi, kuma yana cikin wayoyin Android da iPhone da muke riƙewa.

2.2 Saƙar dangantaka

Masana lissafi suna da wani tsari da suke kira giraf. Ba zanen ƙididdiga da muka sani ba ne. Tarin abubuwa ne tare da dangantakar da ke tsakaninsu. Ana danganta asalin wannan fanni ga Leonhard Euler, wanda ya yi nazarin gadoji bakwai na birnin Konisbag a shekarar 1736. A wannan maƙala zan kira tsarin saƙa, kowane abu a cikinsa ƙulli, dangantaka kuma zare. A aikina kowace kalma ƙulli ce, zare kuma shi ne ke nuna cewa wannan kalma daga waccan ta tsira. Jadawalina gurbi biyu gare shi: na uwa da na 'ya. Ga misali:

rubuta, rubutu
rubuta, marubuci
rubuta, rubutacce
rubutu, rubuce-rubuce
marubuci, marubuciya
marubuci, marubuta
rubutacce, rubutacciya
rubutacce, rubutattu

Masu nazarin ginin kalma za su lura cewa na haɗa tsira da kumbura a jadawali ɗaya. Da gangan na yi haka, domin ina son ganin dukkan dangin kalma a wuri guda.

2.3 Tambaya mai bin salsala

Idan na tambayi rumbun 'ya'yan "rubuta", zai ba ni kalmomi 3. To jikoki fa? Tattaɓa-kunne fa? Ba na sanin zurfin kowace zuriya tun farko. A nan ne ake bukatar tambayar da take komawa kan amsar da ta samo, ta mayar da ita sabuwar tambaya. Ita ce na kira tambaya mai bin salsala. A SQL ana fara ta da umarnin WITH RECURSIVE. Ta shiga ƙa'idar SQL a shekarar 1999, PostgreSQL ya karɓe ta a 2009, SQLite a 2014, MySQL kuma a fitowarsa ta 8.0 a 2018. Matakai uku take bi:

(i) Ta ɗauki kalmar farawa.
(ii) Ta nemo duk layin da uwarsa ta yi daidai da kalmar da ke hannu, ta kwashi 'ya'yan.
(iii) Ta maimaita mataki na biyu a kan kowace 'ya, har sai ba ta sami sabuwar kalma ba.

A lura da "ta yi daidai da" a mataki na biyu. Duk matsalar da za a tattauna a nan take. A kowane mataki kwamfuta sai ta yanke hukunci: shin waɗannan rubuce-rubuce biyu kalma ɗaya ce ko kuwa daban-daban ne?

3.0 Abin da Ya Faru

Mu uku muka shigar da kalmomin, ni da ƙawayena biyu da suka taimaka mini. Wani lokaci da kwamfuta muke bugawa, wani lokaci da waya. Kowa ya san halin waya, da ka fara sabon layi sai ta mayar maka da harafin farko babba. Saboda haka a wasu layuka akwai "rubuta", a wasu kuma "Rubuta". Na lura da wannan tun da wuri, wani ɗalibin sashen kimiyyar kwamfuta kuma ya nuna mini maganinsa, wato in ƙara kalmomi biyu a wurin da ake kwatanta uwa da kalmar da ke hannu:

ON alaka.uwa = zuriya.kalma COLLATE NOCASE

Ma'anar NOCASE ita ce kada a bambanta babban baƙi da ƙarami. Na gwada da "rubuta", kalmomi 9 suka fito cif. Na gwada da "karanta" da "noma" da "saya", duka suka fito daidai. Sai hankalina ya kwanta.

Da na zo ƙidayar zuriyar kowace kalma, sai na ga wani abin mamaki. Aikatau da suka fara da ɓ da ɗ da ƙ zuriyarsu ba ta kai ta sauran yawa ba. Na yi murna ƙwarai, ina ganin na gano abin da manyan masana ba su gano ba. Har na rubuta shafi biyu ina ƙoƙarin danganta abin da yanayin furucin waɗannan baƙaƙe. Na kai wa malamin da ke duba aikina. Ya karanta a natse, ya buɗe shafin da na jero zuriyar "ɗinka", inda kalmomi 4 kacal suka fito: ɗinka, ɗinki, ɗinkakke, ɗinke-ɗinke. Sai ya cire tabarau ya ce:

"Ke kuwa, wa ya ɗinka miki wannan rigar da ke jikinki?"

Na ce, "Tela ne, Malam."

Ya ce, "To da Hausar da muka koya miki fa?"

Na ce, "Maɗinki, Malam."

Ya ce, "To ina maɗinki a nan? Ko kwamfutar taki ta kore shi daga gari?"

Kunya ta kama ni, domin ni da hannuna na shigar da "maɗinki" da "maɗinkiya" da "maɗinka". Da na koma ɗaki na buɗe jadawalin, ga abin da na tarar:

ɗinka, ɗinki
Ɗinka, maɗinki
ɗinka, ɗinkakke
ɗinki, ɗinke-ɗinke
maɗinki, maɗinkiya
maɗinki, maɗinka
Ɗinkakke, ɗinkakkiya
Ɗinkakke, ɗinkakku

Kalmomin duk suna nan. Layuka 3 ne kawai suka fara da babban Ɗ, amma kalmomi 5 suka salwanta daga cikin 9. Layi na biyu shi kaɗai ya tafi da kalmomi 3, domin da aka rasa maɗinki, babu hanyar da za a bi a kai ga maɗinkiya da maɗinka, duk da cewa nasu layukan ba su da aibi. Wannan shi ne bambancin tambaya mai bin salsala da tambaya ta yau da kullum. A tambaya ta yau da kullum, kuskure ɗaya layi ɗaya yake ɓatarwa. A mai bin salsala kuwa, kuskure ɗaya reshe guda yake sarewa da duk abin da ke kansa. Abin da ya fi muni shi ne kwamfutar ba ta nuna wata alamar matsala ba. Ta ba da amsa a tsare, mai kama da gaskiya.

4.0 Me Ya Jawo Haka?

Kwamfuta ba ta san harafi ba, lamba ta sani. A tsohon tsarin ASCII, wanda ya fara fitowa a Amurka a shekarar 1963 kuma yake da gurabe 128, an ba haruffan Ingilishi 26 lambobi a jere. Babban A lambarsa 65, ƙaramin a 97. Babban K 75, ƙaramin k 107. Tazarar da ke tsakanin babba da ƙarami kullum 32 ce. Saboda haka mayar da babba ƙarami abu ne mai sauƙi, ƙara 32 kawai za a yi.

Baƙaƙenmu masu ƙugiya, waɗanda suka zauna a rubutun boko tun shekarun 1930, ba sa cikin ASCII. Suna cikin babban tsarin Unicode, wanda ya fara fitowa a 1991. Ga lambobinsu:

Ɓ 385, ɓ 595 (tazara 210)
Ɗ 394, ɗ 599 (tazara 205)
Ƙ 408, ƙ 409 (tazara 1)
Ƴ 435, ƴ 436 (tazara 1)

Kamar yadda ake gani, babu ƙa'ida ɗaya da ta haɗa su. Dole manhaja ta riƙe dogon jadawalin da ke nuna wane babba ne yake tafiya da wane ƙarami. Domin SQLite ya kasance mara nauyi, masu shi ba su sa masa wannan jadawali ba, kuma sun faɗi haka ƙarara a bayanin manhajar: NOCASE haruffa 26 na ASCII kaɗai yake daidaitawa. Haka ma umarnin LIKE da lower da upper. Ke nan laifin ba na manhajar ba ne, nawa ne da ban karanta ba, ban kuma gwada ba. Duk mai SQLite zai iya tabbatar da wannan da layuka huɗu:

SELECT 'K' = 'k' COLLATE NOCASE; amsa 1, wato e
SELECT 'Ƙ' = 'ƙ' COLLATE NOCASE; amsa 0, wato a'a
SELECT lower('ƘASA'), amsa Ƙasa
SELECT upper('ƙasa'), amsa ƙASA

Yanzu an ga dalilin da ya sa kuskuren ya yi kama da binciken ilimi. Waya ta mayar da haruffan farko manya ba tare da zaɓe ba, amma NOCASE ya gyara na r da k da n da s, ya bar na ɓ da ɗ da ƙ. Ashe ba halin harshen Hausa na auna ba, halin manhaja na auna. Gwaje-gwajen da na yi da farko kuma duk da kalmomi marasa ƙugiya na yi su. Na gwada inda ba matsala, na ce ba matsala.

5.0 Gyaran da Ya Fi Ɓarna

Dabarar da ta fara zo mini ita ce in cire ƙugiya gaba ɗaya kafin a kwatanta, wato ɗ ya koma d, ƙ ya koma k, ɓ ya koma b. Da na yi haka maɗinki ya dawo. Amma sai wata sabuwar fitina ta ɓullo. Na nemi zuriyar "kafa", sai ga "ƙafafu" a tsakiyar "kafaffe" da "kafuwa". Na nemi ta "kasa", sai ga "ƙasashe". Kura ta haɗu da ƙura, baki da baƙi, kara da ƙara. Duk ɗalibin da ya yi darasin tsarin sauti ya san waɗannan tagwayen kalmomi su ne hujjar da ake kafawa cewa k da ƙ ƙwayoyin sauti ne mabambanta. Ƙugiya ba ado ba ce.

A nan ma bin salsala yana ninka ɓarnar. Da farko zare ɗaya ya tsinke, reshe ya faɗi. Yanzu kuma zare ɗaya na ƙarya ya ɗaura zuriya biyu da ba su haɗa jini ba, kowace ta kwaso tarkacenta ta zuba a cikin ɗayar.

Akwai kuma wani wuri da shi kansa babban baƙi yake ɗauke da ma'ana. A dubi waɗannan uku: Daura, sunan gari, wanda ya haifi Daurawa da Dauranci, daura, kamar a "daura da masallaci", da ɗaura, wanda ya haifi ɗauri da ɗaurarre da maɗauri. Idan aka cire ƙugiya kuma aka daina kula da babban baƙi, duka ukun sun zama abu ɗaya. Ko an bar ƙugiya, na farko da na biyu za su haɗe. Haka Gaya da gaya, da Bawa da bawa. Saboda haka rashin bambanta babba da ƙarami ba alheri ba ne a kowane wuri.

6.0 Yadda Ake Gwaji

Masu iya magana sun ce sai an gwada akan san na ƙwarai. Abin da na koya shi ne kada a yi gwaji da babban rumbu, domin ba wanda ya haddace abin da ke cikinsa. A gina ɗan ƙaramin jadawali na musamman, mai layukan da ba su wuce 30 ba, a dasa masa tarkuna da gangan. Sannan a ɗauki takarda da biro a rubuta amsar da ake sa ran samu kafin a tambayi kwamfuta. Wanda ya fara ganin amsar kwamfuta, zuciyarsa za ta riƙa nema mata hujja, kamar yadda na yi da shafuka biyun nan. Ga gwaje-gwajen da nake yi yanzu duk lokacin da na taɓa wani abu a tambayar:

6.1 Gwajin kalmar farawa. A nemi zuriyar "ɗinka" da "Ɗinka" da "ƊINKA". Dole duka ukun su ba da kalmomi 9 iri ɗaya. A maimaita da kalma mai ɓ, da mai ƙ, da mara ƙugiya. Kowane baƙi a gwada shi shi kaɗai, domin nasarar ɗaya ba ta lamunce wa ɗaya.

6.2 Gwajin tsakiyar salsala. A sa babban baƙi a kan uwar da ke mataki na biyu ko na uku, kamar "Ɗinkakke". Wannan ne ke nuna ko daidaitawar tana aiki a kowane zagaye, ko kuwa a bakin ƙofa kawai ta tsaya. Mutane da yawa sukan gyara kalmar farawa su manta da mahaɗar da ke ciki.

6.3 Gwajin ƙugiyar cikin kalma. A rubuta wata uwa da manyan baƙaƙe zalla, kamar "MAƊINKI". Wanda ya yi dabarar gyara harafin farko kaɗai, a nan asirinsa zai tonu.

6.4 Gwajin maimaici. A sa "ɗinki" da "Ɗinki" a gurbin 'ya a layuka biyu. Dole kalmar ta fito sau ɗaya. Idan ta fito sau biyu, ƙidaya ta ɓaci ta ɗaya gefen, zuriya ta yi kumburin ƙarya.

6.5 Gwajin abin da bai kamata ya haɗu ba. A sa zuriyar kafa da ta ƙafa, da ta Daura da daura da ɗaura. A tabbatar ba wadda ta shiga cikin wata. Wannan gwaji ya kai sauran muhimmanci, amma shi aka fi mantawa da shi, domin hankali yakan tafi ga abin da ya ɓata, ba ga baƙon da ya shigo ba.

6.6 Gwajin zagaye. A jadawalin tsira ba a cika samun zagaye ba, amma a na kalmomi masu kusancin ma'ana ana samu. A sa layuka uku: ƙwarai zuwa sosai, sosai zuwa matuƙa, matuƙa zuwa Ƙwarai. Amsar da ake so ita ce kalmomi 3, kuma tambayar ta tsaya. A SQL, umarnin UNION yana zubar da layin da aka riga aka gani, UNION ALL kuwa ba ya zubarwa. Amma a yi hattara: idan ana ƙidayar zurfi a wani gurbi, "ƙwarai" a mataki na 0 da "ƙwarai" a mataki na 3 layuka ne daban a wurin UNION, don haka tambayar za ta yi ta kewayawa ba iyaka. Na taɓa barin kwamfutata tana wannan kewaye har ta daskare. Maganinsa shi ne a sa iyakar zurfi, a kuma riƙa lura da ƙullin da aka riga aka taka. PostgreSQL ya ƙara umarnin CYCLE domin wannan aiki a fitowarsa ta 14 a shekarar 2021.

6.7 Gwajin 'y da hamza. A Nijeriya muna rubuta 'ya'ya, a Nijar kuma ƴaƴa. Ita kanta alamar tana da siffofi aƙalla uku a kwamfuta: miƙaƙƙiya mai lamba 39, lanƙwasasshiya mai lamba 8217 wadda manhajojin buga takarda suke sakawa da kansu, da wata mai lamba 700. A ido kusan ɗaya suke, a wurin kwamfuta kuwa daban-daban ne. A gwada 'yanci da 'Yanci da ma'aikaci da kowace siffa.

6.8 Gwajin haruffa masu kama da juna. Akwai ɖ na harshen Ewe, mai jela a ƙasa, wanda lambarsa 598, maƙwabcin namu ɗ mai 599. Mai gaggawa yakan zaɓi wancan a madadin wannan. Haka kuma duk wanda ya kwafo rubutu daga tsofaffin kundaye zai ci karo da }asa da ]aya da ~ata, ko qasa da xaya da vata, domin haka aka riƙa buga baƙaƙen kafin Unicode ya yaɗu. Irin waɗannan a tsabtace su tun kafin su shiga rumbu.

7.0 Maganin da Na Yi Amfani da Shi

Bayan faɗi-tashi, matakai uku ne suka raba ni da matsalar.

Na farko, kowace kalma na ba ta lambarta a wani jadawali na daban. Daura lamba ɗaya, daura wata, ɗaura wata. Har kalmomin da rubutunsu ɗaya ne sak, kamar baƙi na launi da baƙi na rubutu da baƙi jam'in baƙo, kowace da tata lambar.

Na biyu, jadawalin uwa da 'ya ya koma na lambobi zalla. Yanzu tambaya mai bin salsala ba ta kwatanta haruffa ko sau ɗaya, lamba take bi zuwa lamba. Lamba kuwa ba ta da babba da ƙarami.

Na uku, na ƙara wa kowace kalma gurbin da na kira makulli, wato siffarta bayan an mayar da ita ƙananan baƙaƙe an kuma daidaita hamza. Da harshen Python na yi wannan, domin shi yana riƙe da jadawalin Unicode, ya san Ƙ da ƙ, da Ɗ da ɗ, da Ɓ da ɓ. Makullin a bakin ƙofa kawai yake aiki, lokacin da mutum ya buga kalmar da yake nema ko yake shigar da sabon layi. Idan makulli ɗaya ya buɗe ƙofa biyu, kamar Daura da daura, sai a nuna wa mutum duka ya zaɓa. Hukuncin ma'ana ya koma hannun mai harshe.

Akwai wata hanyar kuma, wato a haɗa SQLite da ƙarin manhajar ICU, wadda take koya wa lower da upper da LIKE haruffan Unicode. Ko ita aka bi, gwaje-gwajen sashe na 6 suna nan daram.

Da na sake ƙidaya bayan gyara, bambancin nan da na yi murna da shi ya ɓace. Zuriyar ɗinka ta koma 9, daidai da ta rubuta. Na yage shafuka biyun.

8.0 Ba Hausa Kaɗai Ba

Kada a ɗauka sauya rumbu zai raba mutum da gwaji. A PostgreSQL, aikin lower da ILIKE ya dogara ne ga tsarin harshen da aka zaɓa wa rumbun, kuma idan tsarin C aka zaɓa, haruffan ASCII kaɗai yake daidaitawa. MySQL 8.0 kuwa tsarinsa na asali ba ya bambanta babba da ƙarami, ba ya kuma kula da alamomin da ake ɗora wa harafi. Wannan yana nufin à da a ɗaya ne a wurinsa, abin da zai cutar da mai nazarin karin sauti. A harshena na Yarbanci abin ya fi tsanani, domin ẹ zai haɗe da e, ọ da o, ṣ da s. Ƙari a kan haka, ana iya buga ṣ ta hanya biyu: harafi guda, ko s da ɗigo a biye. Sai an daidaita su zuwa siffa ɗaya, wadda ake kira NFC, kafin kwamfuta ta yarda abu ɗaya ne. 'Yan'uwanmu masu nazarin Ibo za su tarar da haka a ị da ọ da ụ.

A ƙetare ma haka abin yake. A Turkanci akwai i mai ɗigo da ı mara ɗigo, babban na farko İ ne, babban na biyu kuma I. Manhajar da ta bi ƙa'idar Ingilishi sai ta ɓata kalmomin Turkawa. A Jamusanci ß yakan koma SS idan aka girmama shi, harafi ɗaya ya zama biyu, sai a shekarar 2017 aka amince da babban ẞ a hukumance. A Girkanci kuma babban sigma ɗaya ne, ƙanana biyu. Kowane harshe da nasa tarkon, kuma mai harshen ne ya san inda yake.

9.0 Kammalawa

Wannan maƙala ta nuna cewa tambaya mai bin salsala tana ninka ƙaramin kuskuren rubutu, ko dai ta sare reshe, ko ta haɗa zuriyar da ba dangi ba, kuma ba ta yin gargaɗi. An ga cewa umarnin da ke cewa kada a bambanta babban baƙi da ƙarami yana iya tsayawa a kan haruffan Ingilishi 26, ya bar ɓ da ɗ da ƙ a baya. An kuma kawo gwaje-gwaje takwas da hanyar gyara.

Ɗalibin da ya nuna mini NOCASE ya fi ni sanin kwamfuta nesa ba kusa ba, amma bai san ƙafa da kafa ba, bai san akwai babban Ɗ ba. Malamina kuma bai taɓa rubuta layi ɗaya na SQL ba, amma cikin minti biyu ya ga maɗinki ba ya nan. Rubuta jerin abin da ya kamata ya haɗu da abin da bai kamata ba aikinmu ne, mu ɗaliban harshe. Idan ba mu yi ba, ba wanda zai yi mana.

Aikin Gwaji

1. Rubuta zuriyar "ƙera" da ta "ɓoye" a tsarin uwa da 'ya, zuwa mataki na biyu.
2. A zuriyar "ƙera", mayar da harafin farko na uwa ɗaya babba. Kalmomi nawa za su salwanta idan aka yi amfani da NOCASE na SQLite? Rubuta amsarka kafin ka gwada.
3. Kawo tagwayen kalmomi 5 da ƙugiya kaɗai ta bambanta su, ban da waɗanda aka ambata a sama.
4. Kawo sunayen gari ko na mutane 3 da suke zama wata kalma idan aka rubuta su da ƙaramin baƙi.
5. Idan harshenka na farko ba Hausa ba ne, jero haruffansa da ba sa cikin 26 na Ingilishi, ka rubuta babba da ƙaramin kowanne.